Rabon Wanda Ba Ya Nan

Litinin, 6 ga Satumba, 10:20 na safe

Ban taɓa rubuta irin wannan littafi ba. Aikina cike kati ne: suna, shekaru, nauyi, da yawan dalmar da aka samu a jinin yaro. Amma Malam Haladu, shugaban ɗakin shan maganin nan namu, ya ce in daina zagaya ɗaki kamar kazar da za ta yi ƙwai, in nema wa hannuna abin yi. To ga shi.

Kwana uku ke nan babu layin waya ko'ina, daga Anka har Gummi. An rufe. Dalili kowa ya sani, 'yan bindigar daji, ba sai na ɓata takarda ba. Abin da ya rage mana shi ne dishin da ke kan rufi, mai jawo intanet daga sama, da baƙin akwatin da ke raba shi ga kwamfutocinmu. Suwic ake ce masa. Mijina ne ya kafa su duka biyun.

Ranar Alhamis ya tafi gyaran wani dishi gaba da Bukkuyum. Ya ce Asabar zai dawo.

Litinin, 4:40 na yamma

Muttaka, sunan mijina. Na rubuta, tunda takarda ba ta da kunne.

Talata, 7 ga Satumba, 1:15 na rana

Ni na fara ba da lambar sirrin wayifayi, gara in faɗi gaskiya. Wata mai jinya, Maimunatu, ta roƙe ni don ta aika wa ƙanenta saƙo, na rubuta mata a tafin hannu. Yau mutum ya fi arba'in ƙarƙashin dogon yaro, kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Kowa akwai wanda yake jira, ba mai tambayar wani.

Inna Dija, surukata, ita ma ta zo. Wai awon jini. Jiya ma an auna ta, lafiyarta lau. Mijina shi ne ɗanta na fari, don haka tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Mutumin naki" take ce mini. Ko cigiyarsa ba ta yi ba tun Asabar.

Da za ta fita ta kwance bakin zane ta miƙo mini wayarta, wadda ya saya mata don ta riƙa jin muryar ɗiyarta da ke aure a Sakkwato.

"Ke, diba man wagga aba, ko tana da rai."

Na ce tana da rai, Inna. Ta koma gindin itace ta zauna har la'asar.

Laraba, 8 ga Satumba, 12:30 na rana

Kullum sha ɗaya Dokta Rufaida ke fitowa a kwamfuta daga birni, ta duba yaran da gubar dalma ta kama. Yau ɗiyar Maimunatu, Zaliha, shekara uku, jijjiga ta taso mata. Likita na cikin faɗin yawan maganin da za a ba ta sai fuskarta ta daskare a allo, baki buɗe. Sau huɗu ana maimaitawa, lambar na yankewa a tsakiya. Malam Haladu na tsaye da sirinji yana jira. Allah ya taimake mu aka ji a na biyar.

Bayan an gama ya same ni a ɗakin kati.

"Fa'iza, ki canza lambag ga yau-yau. Asibiti na nan, ba tasha ba."

"Malam, in munka kore su, ina za su tahi?"

"Ni kau da ɗiyag ga ta cika, mi za ni ce ma uwatta?"

Na roƙe shi ya ba ni zuwa Juma'a, na ce akwai dabara. Ban san ko akwai ba. Na dai san surukata na gindin itacen nan.

Alhamis, 9 ga Satumba, 7:50 na safe

Na samu shuɗin littafinsa cikin akwatin kayan aiki. Mutumin nan ba ya riƙe komai a ka, ko ranar aurenmu sai ya duba. A bayan bango ya rubuta sunana da lambar wayata da manyan baƙaƙe. Na yi dariya ni kaɗai, dariyar ta so ta rikiɗe, na yi sauri na buɗe gaba.

Shafi na sha tara, ya rubuta RABO a sama. Na tuna ranar da ya yi mini bayaninsa, ina tankaɗe ban ma saurara sosai ba.

"Kin ga yadda Inna ka raba tuwo? Ba ta bari a hwaɗa ma tukunya. Kowa tana hidda mai nashi, ko shina nan ko ba shi nan. In bai zaka ba, a ɗumama da sahe a cinye. Amma in ya zaka, ba mai hana mai."

Haka suwic ɗin yake yi in an koya masa. Faɗin layinmu mega huɗu ne kacal. Sai a jera kaya sahu-sahu, a ce wa kowane sahu ga mafi ƙarancin abin da ba za a hana ka ba ko da an yi cunkoso. In mai rabo ba ya amfani da nasa, sauran su ci. In ya dawo, a matsa masa.

Alhamis, 2:00 na rana

Na jona shuɗiyar igiya, baƙin allo ya buɗe, ɗan farin layi na ƙifta mini ido. Minti ashirin ina kallonsa. In na ɓata abin nan babu mai gyarawa daga nan har Gusau, kuma da hannuna na rufe ƙofa ɗaya da ta rage mana ke nan.

Na yi bismilla na bi littafin baƙi bayan baƙi. Da farko a faɗa masa gaskiyar faɗin layin, in ba haka ba zai ɗauka babban titi ne ya yi ta rabon abin da babu. Sannan sahu uku. Kiran likita kaso hamsin cikin ɗari. Kwamfutar gwajin jini da kati talatin. Jama'ar gindin itace ashirin. Daga ƙarshe a liƙa dokar a ramin da igiyar dishi ke shiga.

Korayen fitilu ba su mutu ba. Ni ce na kusa.

Juma'a, 10 ga Satumba, 11:45 na safe

Likita ta yi minti talatin ba ta daskare ba, kuma ba a kori kowa ba. Malam Haladu ya ce ashe zama da maɗaukin kanwa ya yi rana. Na ji daɗi, sai kuma na ji kunyar jin daɗin.

Asabar, 11 ga Satumba, 8:30 na safe

Komai ya goge. Batir ya ƙare jiya bayan magariba, da rana ta fito suwic ya tashi bai san ni ba. Na koma littafin. A can ƙasan shafin, inda babban yatsana ya rufe, ya rubuta wa kansa: AJIYE KAFIN KA TASHI, SAKARAI.

Na sake yi daga farko, na ajiye. Ni da shi duk sakarkaru ne.

Yau Asabar ta biyu.

Lahadi, 12 ga Satumba, 6:10 na yamma

Inna ta raba tuwo. Ta fitar da malmala biyu a farin kwanonsa ta rufe da faifai, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Da safe mu ɗumama mu ci, ni da ita, ba mai kallon wani.

Litinin, 13 ga Satumba, 3:20 na rana

Yakubu direba ya ce an ga jan babur irin na mijina kwance kusa da wata gada.

Jajayen babura sun fi dubu a ƙasar nan.

Talata, 14 ga Satumba, 1:00 na rana

Manu, wani Bafulatani da ke zuwa kullum da sandarsa, yau wayarsa ta yi ƙara, kira ta intanet. Ya ce "Na'am, na'am," sai murya ta kakkarye ta yanke. Ya kira ya kira, ba ta shiga.

A nan na ji yadda abin yake. Masu riƙe da mutane a daji da baƙuwar lamba suke kira. Sai an hau wani tudu can wajen iyaka inda layin wata jiha ke ɗan leƙowa. Ba a daɗewa. In ba a same ka ba, ba lallai a sake hawa tudun dominka ba.

Wayata ma a sahun jama'a take, ita da wayoyi sittin, muna wawar kaso ashirin.

Talata, 4:30 na yamma

Ba zan yi ba.

Laraba, 15 ga Satumba, 9:05 na safe

Na yi.

Kowace waya tana da lambar jikinta, na kwafi tawa na buɗe mata sahu na huɗu, ita kaɗai. Na ba ta sha biyar. Suwic ya ƙi karɓa, ya ce lissafi ya wuce ɗari. Inji ya fi ni tsoron Allah. Na likita ba zan taɓa ba, na gwajin jini Malam Haladu zai gane. Sai na rage na jama'a daga ashirin zuwa biyar.

Na ce wa raina ai ba ƙwace ba ne, in ba na amfani da shi su za su ci. Na ajiye kafin in tashi.

Alhamis, 16 ga Satumba, 12:10 na rana

Ina amfani da shi. Ina kiran lambarsa duk bayan minti biyar. Ina buɗe duk bidiyon da aka turo, ina tsayar da shi ina duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya, da ƙafafu, da riguna. Wayata gudu take kamar ruwan kwazari.

Ta taga ina jin su suna cewa yau abin ya yi nauyi. Wata tsohuwa ta ce hadari ne. Na ce mata e, hadari ne.

Juma'a, 17 ga Satumba, 2:15 na rana

Babu.

Asabar, 18 ga Satumba, 10:00 na safe

Babu. Zaliha ta fara cin abinci. Ina tsoron ƙarar kowane babur, ina tsoron shirun da ke biyo baya.

Litinin, 20 ga Satumba, 1:40 na rana



Inna ta shigo gab da azahar ta kwance bakin zane.

"Wagga aba ta yi kuka sau ukku ɗazu. Na taɓa inda kinka gwada man, ba a magana, sai wani ƙugi-ƙugi awa kwaɗo."

Na karɓa. Baƙuwar lamba. 11:12. 11:13. 11:15. Daidai lokacin da likita ke kan allo, kwamfutar gwaji na tura hotuna, ni kuma ina kallon bidiyon gawarwakin da ba su shafe ni ba.

Layin da ke cikin wayar Inna na marigayi Baba ne, mahaifinsa. Lambar nan tun yana sakandare yake bugawa. Ita kaɗai ya haddace a duniya. Tawa kuwa tana bayan bangon shuɗin littafi, littafin kuma yana kan teburina. Kwana goma sha ɗaya ina buɗe bangon nan ina murmushi.

Na kira lambar. Ba ta shiga. Na aika saƙo, ya tsaya bai tafi ba.

Akwai umarnin da ke nuna abin da suwic ya zubar a kowane sahu saboda rashin wuri. Na buga shi. Sahuna sifiri. Sahun jama'a dubu arba'in da ɗaya da wani abu. Muryarsa na cikin abin da aka zubar, kuma ni na rubuta dokar.

Litinin, 5:30 na yamma

Na faɗa mata. A tsakar gida, tana tuƙi, na durƙusa na faɗi duka. Ban san nawa ta gane ba cikin zancen sahu da kaso, amma ta gane na ɗebi rabon mutane na zuba a kwanona.

Ba ta daina tuƙi ba.

"Ni ba ni jiran kowa," ta ce. "Awon jini nika zuwa."

Muciya ta suɓuce mata ta faɗi cikin toka. Ta daɗe tana kallonta kafin ta ɗauka.

Da ta zage ni da na samu sauƙi.

Talata, 21 ga Satumba, 8:15 na safe

Abin da ya fara zuwa mini shi ne in cire lambar wayata in sa ta Inna. Har na kwafa. Sai na hango Manu ta taga, ya jingina da sandarsa, mako guda ke nan yana jiran a sake hawa tudu dominsa. Satar dai ita ce, kwano kawai zan canza.

Na kai wa Malam Haladu littafin na faɗa masa abin da na yi. Ya cire tabarau ya goge.

"Kin ban tsoro, Fa'iza. Amma da ni na iya abin ga, ban san mi za ni yi ba. Ɗan'uwana ma Gummi shike, ban ji ɗuriyatai ba." Ya tura mini littafin. "Ba wata dabara?"

Akwai, a shafi na ashirin, wanda ban taɓa juyawa ba saboda gaggawa. Ya rubuta: kada ka dubi mai waya, dubi irin kayan. Kiran murya yana da ƙofar da yake bi, ya rubuta lambarta. Murya ba ta da nauyi, amma ba ta jure jira. Bidiyo da hoto sun iya jira.

Na rushe sahuna. Na buɗe sahun murya, ta kowa, ko ta wane ne. Malam Haladu ya ce a ɗebi goma daga na gwajin jini, hotuna sa tafi da yamma. Likita hamsin, gwaji ashirin, murya ashirin, tarkace goma. Na karanta sau uku na ajiye.

Na gyara ƙofa bayan baƙo ya juya.

Laraba, 22 ga Satumba, 12:00 na rana

Kira huɗu sun shigo gindin itace yau, duk an ji tar. Na Manu na ciki. Ya saurara, ya sa wayar a aljihu, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Maza biyu sun bi shi suna salati.

Yanzu ina tsoron waya ta ƙi yin ƙara, ina tsoron ta yi.

Alhamis, 23 ga Satumba, 4:50 na yamma

Babu. An auna jinin Inna. Wannan karon ya hau da gaske.

Juma'a, 24 ga Satumba, 2:30 na rana

Bari in rubuta a hankali.

Hadari ya haɗo tun safe, kuma dishi ba ya shiri da ruwa. Likita na kan allo, gindin itace ba masaka tsinke. Na bar ɗakin kati na zauna kusa da Inna a kan tabarma, na ce zafi ya yi yawa a ciki. Ta matsa mini.

Sha ɗaya da minti ashirin bakin zanenta ya yi ƙara.

Ƙullin ya ƙi kwancewa. Da haƙori na kwance shi. Baƙuwar lamba, ba irin ta ranar Litinin ba. Ta tura mini wayar da hannu biyu kamar garwashi.

"Amshi. Naki na."

Na danna. Ina son in ji muryar nan fiye da yadda nake son numfashi, Allah ya sani. Amma ba lambata ya buga ba, kuma na riga na ci rabon tsohuwar nan sau ɗaya. Na kara mata a kunne na riƙe, na manna kaina da nata.

Iska. Wani na magana daga nesa. Sannan, a fili, ba kakkaryewa:

"Inna?"

Ta buɗe baki ta rufe. Mutum sittin suna kallonta, ga dattawa, ga surukai, ga sa'o'inta da suka san ta tun tana amarya. Na ji muƙamuƙinta na rawa a jikin kuncina.

"Inna, kina jina?"

"Muttaka," ta ce. Da ƙarfi ta faɗa, har na cikin asibiti sun ji. "Muttaka. Muttaka, ina jinka."

Daƙiƙa hamsin da biyu. Abin da ya faɗa ba zan rubuta ba. Yana da rai. Ƙafarsa ce kawai. Ya tambaye ni, ta ce ga ta nan ta ishe ni da kuka. Ya ce za a sake kira, bai san yaushe ba. Sai ruwa ya sauko.

Juma'a, 5:45 na yamma

Na koma na duba sahun murya. Abin da aka zubar, sifiri. Na sake ajiyewa, ko da yake a ajiye yake.

Bai dawo ba. Har yanzu ina jin tsoro, ban san ranar da zan daina ba.

Inna ta fitar da malmala biyu a farin kwano ta rufe da faifai. Ba ta sake faɗin sunan ba, kuma na san in na kuskura na tuna mata sai ta ce ƙarya nake yi. Tana wanke hannu ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Ki sa man abag ga caji. Gobe ma ina da awon jini."